Yadda Ƙungiyar Masu Ɗaukar Hoto Za Ta Shirya Tattaki a Gaɓar Teku

Abin da jagoran ƙungiya zai fara nema, tun kafin a yi maganar kyamara, shi ne jadawalin cikar teku da janyewarsa na yankin da za a bi. A yawancin gaɓoɓi ruwa yakan cika sau biyu, ya janye sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da janyewa akwai awa 6 da 'yan mintoci, sannan lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana, saboda haka jadawalin jiya ba zai yi amfani yau ba. Hawan ruwan ma ba bai ɗaya ba ne, domin kusan rabinsa yana faruwa ne a awa ta uku da ta huɗu, daidai lokacin da mutum yake durƙushe a kan falalen dutse yana gyara saiti, bai ankara cewa hanyar da ya biyo ta nutse ba.

Hanyar Otter da ke gandun dajin Garden Route a Afirka ta Kudu ta isa misali. Tafiyar kwana 5 ce daga bakin kogin Storms zuwa Nature's Valley, kuma mutum 12 kacal ake bari su fara ta a rana, don haka dole babbar ƙungiya ta rabu kashi-kashi, ta kuma kama gurbi da wuri. A rana ta huɗu ake ƙetare kogin Bloukrans, kimanin kilomita 10 daga makwanci, kuma sai teku ya janye ake tsallakawa. Idan janyewar ta faɗo da hantsi, to fita cikin duhu da fitilar goshi ta zama wajibi, kuma kyawun hasken asuba ba hujjar tsayawa ba ce a wannan ranar.

A ganina, duk tsawon lokacin tafiya da hukumar gandu ta ƙiyasta wa hanya, a ƙara masa rabinsa, domin masu hoto ba sa wuce gansakuka ma ba su tsaya ba. A rage kaya: gilashin kyamara biyu sun isa, ɗaya mai faɗin gani, ɗaya mai jawo nesa, sai matsayin kyamara mai ƙafa uku marar nauyi, da batura na ƙari, duk a cikin jakar da ruwa ba ya ratsawa.

Feshin gishiri yakan kwanta a kan gilashi kamar maiƙo, kuma wanda ya goge shi da gefen riga zai iya karce shi da yashin da bai gani ba. A fara hure ƙurar, a goge da ƙyalle mai ɗan laima, sannan da busasshe, kuma kada a sauya gilashi a cikin iska. Masu sauka kusa da ruwa su tafi biyu-biyu, ɗaya yana ɗauka, ɗayan yana fuskantar teku don ya yi kira idan babbar igiya ta taso, sai su yi musanya bayan minti goma.