Yadda nake fita daji da gwiwa mai ciwo

Shekara biyu ke nan da kabu-kabu ya kayar da ni a cikin garin Tahoua, gwiwar hagu ta murɗe. Likita ya ce ƙashi lafiya, guringuntsin ciki ne ya tsage. Abin da ya fi damuna a watannin jinya shi ne tunanin na rabu da fitar da muke yi da abokai duk lokacin sanyi, mu kwana bakin tabkin Tabalak, mu hau tuddan Adar. Na koma, amma sai da na sake tsarin tafiyar gaba ɗaya. Ga abin da na koya, ko zai amfani wani.

Kafin komai, ka nemi izinin likitan da ke duba ka, ka kuma gwada ƙafar a cikin gari. Ni sai da na iya tafiyar awa ɗaya a kan rairayin unguwa, gari ya waye gwiwa ba ta kumbura ba, sannan na yarda da kaina. Da safe gwiwa take faɗin gaskiya, ba lokacin da kake cikin tafiya jini ya ɗumama ba.

Ka zaɓi wurin da mota ke kaiwa. Tabalak na da kusan kilomita 50 daga Tahoua a kan hanyar Agadez, kuma tabkin yana gefen kwalta, don haka ba sai ka ɗauki kaya a baya ba. Tun 2005 yana cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare dausayoyi, ta amince da su, kuma a Disamba da Janairu tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suna sauka a wurin. Wani aboki ya so mu nufi gandun dajin W, can kudu da Yamai, na ƙi: nisa ya yi yawa, ga halin tsaro. Ko Tabalak ɗin ma ba ma tashi sai mun tambayi mutanen gari yadda hanya take a makon, in mun isa kuma mu fara gaida hukuma da mai gari, su san inda za mu kwana.

Yanzu maganar tudu. Mutane suna tsoron hawa, alhali gangarowa ce ke cinye gwiwa, domin a kowane taku ita ke tare nauyin jiki kada ya rufta. Duwatsun Adar kuma cike suke da tsakuwa mai zamewa. Dokar da mai gashin ƙashi na asibiti ya koya mani ita ce: in za ka hau, lafiyayyar ƙafa ce gaba, in za ka sauka, mai ciwon ce gaba. Taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada ka miƙe ta ƙyam. Inda gangaren ya yi tsanani sai ka bi shi a karkace, dama da hagu, kamar yadda jaki mai kaya ke yi. Kuma tun kana ƙasa ka duba ta inda za ka dawo. In ba ka ga hanyar sauka mai sauƙi ba, bar tudun, ko abokai sun ce “Malam, ai ɗan nan ne.”

Sanda tana hannun da ba ɓangaren ciwon ba. Ni gwiwar hagu ce, sanda na dama, tana taka ƙasa tare da ƙafar hagu. Na daɗe ina riƙe ta a juye, kafaɗa ta yi ta ciwo a banza. Sandar makiyaya ta wadatar, a yanke ta daidai wuyan hannunka in ka tsaya. Robar ɗaure gwiwa ta farmasi tana taimakawa, amma in ta matse har ƙafa ta fara sagewa, sassauta ta. Takalmi rufaffe mai kama ƙasa, ba silifa ba. Ƙarangiya ma kaɗai ta isa dalili. Bakin tabki kuwa ka nisanci laka: ƙafa ta nutse, jiki ya juya, shi ke nan an koma gidan jiya.

Abin da ban taɓa zato ba shi ne zaman sansani ya fi tafiyar wahala. Rayuwar daji duk a ƙasa take: tabarma, murhun shayi, alwala, tsuguno. Yanzu ina tafiya da ƙaramar kujera mai naɗewa da gadon ƙarfe mai naɗewa, ina ɗaura gidan sauro a kansa, don bakin ruwa ba ya rabo da sauro ko da sanyi. A kan kujerar nake alwala, a kanta nake salla in gwiwa ta ƙi sujada, kuma malamai sun ce mai lalura yana da wannan sauƙin. Don biyan buƙata, ka nemi wurin tun da sauran haske, kusa da itacen da za ka dafa, ka tafi da sanda da fitila. In dole ka tashi daga tabarma, ka juya kan lafiyayyar gwiwa, ka dafa hannu biyu, sannan ka miƙe. Ba kunya ba ne ka ce wa yaro ya ba ka hannu.

Da maraice ina ɗora ƙafar bisa jaka, in sa ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20. Kular da muka zuba wa ƙanƙara a Tahoua tana kai mu dare. Sanyin asuba yana sanƙarar da gwiwa, don haka ina lulluɓe ta, in lanƙwasa in miƙe sau da yawa kafin in sauko daga gado, in zazzage takalmi saboda kunama.

Magani kuwa, wanda likita ya rubuta kawai. Irin su ibuprofen ba sa son jikin da ya bushe da ƙishirwa, suna taɓa ƙoda, sai ka yawaita shan ruwa. Tramol na masu talla kada ka kusance shi: yana rufe bakin ciwon, ka yi ta takawa kana ƙara ɓarna. In gwiwa ta kulle ta ƙi miƙewa, ko ta saki kamar za ka faɗi, ko ta kumbura da zafi, tafiya ta ƙare, a naɗe kaya a koma asibiti. Shi ya sa tun daga gida muke shirya wanda zai tuƙa mota in ƙafata ta kasa taka kuloci.