Yadda Ake Gyaran Bindigar Ƙusa Idan Ta Fara Yoyon Iska

Duk kafintan da ke aiki da bindigar ƙusa mai amfani da iska, irin F30 da F50 ɗin nan da suka cika shaguna tun daga Kasuwar Katako har Pantami da Bolari a nan Gombe, ko 1013J ta masu kujerun kushin, ko ba daɗe ko ba jima sai yaji ta fara huci tsiiii alhali ko kunamar bai taɓa ba. Daga nan sai ƙusa ta daina nutsewa, rabi a ciki rabi a waje, kwampreso kuma ya dinga tashi a kai a kai yana shan man janareta a banza, ga kayan ɗakin amarya an saka rana. Abin da ke min ciwo shine yadda ake saurin jefar da ita ƙarƙashin benci aje a sayo sabuwa, alhali mafi yawan lokuta wata 'yar roba ce zagayayya ta bushe ko ta tsinke a ciki, ko ma noti ne kawai ya saki. Gyara ne da kai da kanka zaka iya, in dai ka gano inda iskar take fita kafin ka kwance komai.

Amma ɗan'uwa tun kafin mu je ko'ina, duk lokacin da zaka saka hannu a cikinta ka cire tiyon iska tukuna, ka buɗe gidan ƙusa ka zazzage ta tas har wadda ta maƙale a baki. Da yawa daga cikin ƙananan bindigogin nan basu da makarin baki, da an taɓa kunama ta harba, kuma ƙusa mai tsawon milimita 30 ko 50 bata san yatsa ba bata san ido ba. Ka ja wa yaran shago kunne a kan wannan sosai.

Toh, neman wurin yoyo. Cire ƙusoshin, maida tiyo, bar gejin kwampreso a wajen PSI 60 zuwa 70 (PSI ma'aunin ƙarfin iska ne), ka juya bakin bindigar ƙasa nesa da ƙafarka. Ka dama omo ko sabulu da ruwa a 'yar roba, ka samu buroshi ƙarami ka dinga shafawa kamar dai yadda mai faci yake neman hujin tayar mashin, duk inda kaga kumfa na tasowa to nan ne. Wurare biyar zaka bi: inda tiyo ya haɗu da gindin bindiga, murfin ƙarshen mariƙi, kewayen kunama, tsakanin murfin kai da jiki, sai ramukan sama inda iska ke fita bayan harbi. Sannan ka saka kunne a baki. Kuma a sani, fuf ɗin nan da take yi ta sama duk harbi ɗaya ba matsala bace, haka aka ƙera ta, matsala ita ce hucin da baya tsayawa.

In a wurin tiyo ne ka huta. Kwance bakin ƙarfen da ake jona tiyo a kai da sifana, kankare tsohon tef ɗin, ka naɗa sabon farin tef irin na masu gyaran famfo zagaye biyu zuwa uku, ka naɗa shi ta ɓangaren da noti yake ɗauruwa don kar ya warware lokacin da kake murzawa, ka bar zaren farko babu tef saboda in guntunsa ya shige ciki zai je ya toshe bawul. Shi ma kan tiyon da ake turawa ya kama yana da robarsa a ciki, in ita ce ta mutu canza kan gaba ɗaya yafi sauƙi. In kuma tsakanin murfin kai da jiki ne kumfar take, fara gwada ɗaure notocin murfin nan huɗu da alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake zurawa a kan noti, girgizar aiki tana sassauta su, in bai tsaya ba to gaskit ɗin ƙarƙashi, wato siririyar shimfiɗar da ke toshe iska tsakanin murfi da jiki, shine ya yage.

Inda aikin yake shine in iska na fita ta ramukan sama ba ƙaƙƙautawa, ko ta baki. Nan dole a buɗe kai.

Share benci tas ka shimfiɗa tsumma mai tsabta, kar ka kwance ta cikin garin katako, don ƙwaya ɗaya ta diddiga in ta zauna kan roba ta isa ta dawo maka da yoyon. Riƙe wayarka kusa, duk abin da zaka cire ka ɗauki hotonsa a yadda yake zaune, wallahi wannan kaɗai yana raba mutum da ciwon kai wajen haɗawa. Cire tiyo. Kwance notocin murfi kaɗan kaɗan kana danne shi da tafin hannu saboda akwai sifirin a ƙarƙashi. Cikin murfin zaka samu bawul ɗin kai, wani faifai ne na roba mai tauri ko na ƙarfe da robobi zagayayyu a jikinsa, aikinsa ya toshe saman silinda har sai an ja kunama, sai ya ɗaga iska ta faɗa kan fistan. In robarsa ta cinye ko datti ya hana shi zama daidai, iskar sai ta bi ta sama ta gudu, shine hucin da kake ji. Ka zaro shi a hankali ka duba kowace roba a gaban haske, ka ɗan ja ta da yatsa, in kaga tsagewa, ko ta baje ta daina zama zagayayya, ko tayi tauri tana karyewa, ta gama aiki.

Wajen ciro roba daga raminta dan Allah kar a saka sukudireba ko bakin wuƙa. Jikin bindigar alminiyom ne, mai laushi, in ka ƙarce ramin ko sabuwar roba ka saka iska zata bi ta ƙarcen nan, kuma shi ƙarce baya gyaruwa. Tsinken sakace ya isa, ko ka matse robar da yatsu biyu ta turo kai ka kama.

Daga nan zaro fistan, yana haɗe da siririn ƙarfen nan da ke dukan kan ƙusa, in ya ƙi fitowa turo shi ta baki da wata 'yar sanda. Duba robar da ke kewaye da shi, duba ƙarfen ko ya lanƙwashe ko bakinsa ya guntule. Sai ka haska tocila cikin silinda, can ƙasa akwai wata roba mai kauri da fistan ke faɗawa a kanta duk harbi, ita ce ke shan dukan. Idan ta tsufa farfashewa take yi, zaka ga gutsattsarinta warwatse a ciki, kuma ita ce yawanci ke jawo iska ta dinga fita ta baki musamman in ka riƙe kunama. Abu biyu ke kashe ta da wuri, ƙure geji fiye da kima da kuma harbi babu ƙusa a ciki, wanda yara ke yi don jin ƙara. Ka kwashe gutsattsarin duka, shafa yatsa a bangon silinda kaji ko akwai ƙarce mai zurfi.

In kuma kumfar a kunama take, akwai ƙaramin bawul a bayanta. Ka bugo fil ɗin da ya riƙe kunamar da siririyar ƙusa da guduma a hankali, kunama ta fita, sai bawul ɗin ya zaru, wasu kuma murɗo su ake yi. Robobin cikinsa ƙanana ne ƙwarai, samun daidai su wahala ne, ni shawarata in ana samun bawul ɗin sukutum na irin bindigarka ka saya ka huta. A lura kuma, lalacewar wannan bawul ɗin tana iya sa iska ta fita ta sama, don shi ke riƙe iskar da ke danne bawul ɗin kai, saboda haka in ka canza robobin kai hucin bai tsaya ba kar ka sake kwance kai, dawo nan.

Maganar sayen roba, ka tafi da tsohuwar a leda, in da hali har da ƙarfen da take zama a kai. Abu biyu ake aunawa da milimita, faɗin ramin tsakiya da kaurin jikinta, kuma ka tuna tsohuwa ta riga ta saki ta baje, don haka gwadawa a kan ƙarfen yafi gwada roba da roba. Masu sayar da kayan aikin kafinta sukan kawo saitin gyara na F30 da F50, masu kayan gyaran mota kuma suna da akwatin robobi girma daban daban, in an rasa a gari sai a bada saƙo Kano. Robar da tayi kauri zata riƙe fistan ya kasa komawa sama, wadda tayi siriri kuma bata toshe komai. Naɗa zare ko leda a ramin don a cike gurbi, ko shafa gam, duk ɓata lokaci ne.

Goge komai da tsumma mai tsabta, kar ka jiƙa robobi da fetur. Shafa wa kowace sabuwar roba man bindigar iska ko ɗan giris mara kauri kafin ka saka, ka tabbatar bata murɗe a raminta ba. Maida su bi da bi yadda hotunan wayarka suka nuna, robar ƙasa, fistan da ƙarfensa ya shiga hanyarsa daidai, bawul ɗin kai, sifirin, gaskit, murfi. Notoci ka fara ɗaura su da hannu, sannan da alanki kana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa mai kallonta don murfin ya zauna daidai, kuma da sun kama ka tsaya, in ka ƙure zaren alminiyom ɗin ne zai cinye.

Gwaji kuma daga ƙasa ake farawa, PSI 60, saurara, sake shafa ruwan sabulun. In shiru, zuba ƙusa ka harba a guntun katako kana ƙara geji har ƙusa ta nutse daidai. Iyakar abin da zata iya ɗauka yana rubuce a jikinta, yawanci PSI 100 ko 120, wato wajen bar 7 zuwa 8, kar a wuce. Kuma ko da wasa kar wani ya ce bari ya gwada ta da tukunyar oksijin ta masu walda don babu wuta, oksijin in ya haɗu da man da ke ciki fashewa yake yi.

Abin da ke cinye robobin nan a garinmu sananne ne. Lokacin hunturu ƙura ce ke bi ta tiyo ta shiga, ta haɗu da mai ta dinga goge roba, da damina kuma ruwa ne ke taruwa a tankin kwampreso ya biyo iska da tsatsarsa. Don haka kullum in za a tashi a buɗe ɗan famfon ƙarƙashin tanki ruwan ya tsiyaye, da safe kuma kafin a jona tiyo a ɗiga mai ɗigo biyu zuwa uku ta inda iska ke shiga. Man bindigar iska ake so, in babu man keken ɗinki zai riƙe ka na ɗan lokaci. Banda baƙin mai, banda man gyaɗa don daskarewa yake ya zama danƙo, man birki kuwa kumbura robar yake yi ta lalace. Akwai waɗanda aka rubuta a jikinsu basa buƙatar mai, su kar a saka musu.

In kuwa ruwan sabulu ya nuna maka kumfa a jikin ƙarfen kansa, wato ya tsage saboda faɗuwa daga kan benci ko saman rufi, wannan kam kar ka kai ta walda kar ka liƙe da gam, jikin da ke riƙe iska mai ƙarfi haka in ya tsage ba a amince masa kuma. Cire fistan da bawul da gidan ƙusa ka adana don gyaran wata, jikin ka haɗa shi da kayan gwangwan.