Gabatar da mutum da Turanci: inda "this" da "that" suke kayar da mu

Ajin da nake koyarwa a Birnin Kebbi na manya ne, bayan La'asar muke haɗuwa, kuma yawancin ɗalibaina ba jarrabawa ce ta kawo su ba. Akwai mai shagon kayan masarufi, akwai dillalin shinkafa da ke hulɗa da masu zuwa sari daga kudu, akwai uwar da aka turo wa makarantar 'ya'yanta malama mai bautar ƙasa wadda ba ta jin Hausa. Sansanin masu bautar ƙasa na Dakingari kullum sako mana baƙi yake yi daga kowane lungu na Najeriya, su kama haya a unguwanninmu, su zama maƙwabta. To maƙwabci kuwa dole wata rana ka haɗa shi da iyalinka. Shi ya sa bayan gaisuwa, abin da aka fi roƙona in koyar shi ne yadda ake gabatar da mutum.

Kalmomin huɗu ne kacal, minti biyar ya isa a haddace su. Littafi zai ce maka "this" wannan, "that" wancan ko waccan, "these" waɗannan, "those" waɗancan. Littafin bai yi ƙarya ba, amma wannan fassarar ce take haifar da yawancin kurakuran da nake ji. Ka tuna yadda kake yi in ka kai ƙanenka wurin wani. Ba ka cika cewa "wannan ƙanena ne" ba, sai dai in hoto kake nunawa. Cewa kake yi "ga ƙanena". A wurin gabatarwa, "this is" aikin "ga" yake yi. Wanda ya riƙe wannan ya rage wa kansa rabin wahala.

Ɗalibi yakan tsaya da ɗan'uwansa a gaban baƙo ya ce "He is my brother". Nahawun jimlar lafiya lau yake, baƙon ma zai gane. Sai dai amsar tambaya ce, irin wadda ake bayarwa in wani ya ja ka gefe ya ce wane ne wancan. In ka buɗe gabatarwa da ita, kamar kana maganar mutum a bayan idonsa ne alhali ga shi tsaye yana jiran a miƙa masa hannu. Abin da ake faɗi shi ne "This is my brother". In mace ce, "This is my sister". Kalmar ba ta canzawa don jinsi, kuma nan mu mutanen yamma sai mun ɗan yi hattara, domin bakinmu ya saba raba wanga da wagga, sai ka ga ɗalibi yana lalube yana neman macen "this". Babu ita.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne yar da "is" a hanya, a ce "This my brother". Na daɗe ina ɗora laifin a kan Turancin buroka da ake ji a kasuwa da tasha, kuma yana da nasa kason. Daga baya na lura Hausar ma tana da hannu. "Ga ƙanena" ba ta buƙatar komai a tsakiya. In kuma ka ce "wanga ƙanena na", ko da Hausar Kano "wannan ƙanena ne", ɗan abin da ke ɗaure jimlar a ƙarshe yake zuwa. Ɗalibi yana fassarawa kalma bayan kalma, ya faɗi "this", ya faɗi "my brother", kafin ya iso kan "ne" ya wuce gurbin da Turanci ya tanadar masa, sai ya bar shi. Ƙari a kan haka, "this" da kanta da sautin "is" take ƙarewa, kunne sai ya ɗauka an riga an faɗa. Amma Bature in ya ji "This my brother" shiru zai yi yana jiran sauran magana, domin a wurinsa ka ce "wannan ɗan'uwan nawa" ka tsaya. Maganin da na ga yana aiki shi ne a daina koyon kalmomin biyu a rarrabe. Ka ɗauke su kalma ɗaya mai gaɓa biyu, ka buga tafi biyu kana faɗi, har bakinka ya ƙi sakin ta farko ba tare da ta biyu ba. A rubutu kuma, "that is" tana gajarcewa ta zama "that's", amma "this is" cikakkiya ake rubuta ta.

Yanzu ga wurin da nake so a zauna sosai. "Ga" sau ɗaya take aiki. Ba wanda zai ce "ga kawuna, ga manomi, ga yana zaune a Jega". Haka "this is" take. Tana buɗe ƙofa, ta shigo da mutum, ta koma gefe. Wani ɗalibina ya taɓa gabatar da kawunsa a aji haka: "This is my uncle. This is a farmer. This lives in Jega." Jimlar farko daidai. Ta biyu ta sa mai sauraro waige-waige yana neman mutum na biyu, manomin. Ta uku kuwa ta mai da kawu wani abu, kamar dabba ko tsiro. Abin da ya kamata shi ne "This is my uncle. He is a farmer. He lives in Jega." Da zarar an san mutum, "he" ko "she" ko "they" ne suke karɓar aiki.

Dalili shi ne, a Hausa "wannan" tana iya tsayawa ita kaɗai a madadin mutum a kowace irin jimla. Kana iya cewa wannan ya zo jiya, ko ka gai da wannan, ba wanda zai ga aibu in sa'anka ne. A Turanci "this" ita kaɗai tana nufin mutum ne kawai in ana faɗin ko shi wane ne. A wajen wannan gurbin, kaya take nufi. "This came yesterday" magana ce a kan wasiƙa ko buhu. "I like this" magana ce a kan riga ko abinci. In mutum kake nufi, ko dai ka sa "he" da "she", ko ka haɗa kalmar da suna, ka ce "this man", "this woman", "this boy".

Ƙanwar wannan matsalar ita ce "this one". A Najeriya ta cika baki, har masu digiri suna faɗi, ba kuma za a kama ka ba in ka faɗe ta a kasuwa. Amma asalin aikinta zaɓe ne tsakanin kaya, kamar kana gaban mai kankana kana cewa ba ni wannan, bar wancan. "This one is my wife" tana sa a ji kamar mata aka jera kana ware taka daga ciki. Tsakanin abokai da zolaya tana wucewa. A gaban baƙo, ko a kan babba, cire "one" ɗin.

"That" ba ta da rikici mai yawa in an gane cewa ba kalmar haɗa mutane ba ce, kalmar nuni ce. Misalin da nake bayarwa kullum shi ne bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, domin kusan kowa a ajin ya taɓa tsayawa a bakin kogin Matan Fada, inda ake kamun. A ce kana tare da baƙo, ka hango Sarkin Ruwa can nesa cikin jama'arsa, sai ka ce "That is the Sarkin Ruwa". Dubban masunta sun ruga da goruna da homa, "Those are the fishermen". Ba wanda ka haɗa da wani, bayani kawai ka yi. Amma in mutum yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da kai ka ce "That is my friend", ka ture shi gefe da baki, kamar kana jin kunyar a gan ku tare. Wani abin lura kuma, Hausa ta fi Turanci rarrabe nisa. Da karin sauti muna bambanta nan ɗin da nake, da nan ɗin da kake, da can da muke gani, da can mai nisan gaske. Turanci gida biyu kawai ya yi, abin da ke wurina da abin da ba ya wurina. Saboda haka wanda ke kusa da abokin maganarka amma ba kusa da kai ba, "that" ne: "Who is that with you?" Hoto kuwa in yana hannunka kana ɗora yatsa, "this" ce, in a bango yake can gefe, "that".

Jam'i yana da kuskure iri biyu, na nahawu da na baki. Na nahawu sananne ne, "This are my children" ko "These is my parents". Tilo da "is" yake tafiya, jam'i da "are": "These are my children", "Those are my neighbours". Sai dai sau da yawa ɗalibi ya san ƙa'idar sarai, bakinsa ne yake furta "this" da "these" iri ɗaya, daga nan hannu ya bi baki a takarda. Wannan bai kamata ya gagari Bahaushe ba, tunda harshenmu da tsawon wasali yake raba ma'ana. Ka faɗi "fito" na fito waje, sannan ka faɗi "fito" na busa iska da leɓe. Na farko gajere, na biyu dogo. "This" gajeren wasali ne kuma da sautin s take ƙarewa, "these" dogo ne kuma da z take ƙarewa.

Farkon kalmomin kuma, 'yan kudu suna cewa "dis", mu muna cewa "zis", kowa yana yi wa ɗan'uwansa dariya alhali duk mun kauce. Abin mamaki, duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya riga ya mallaki sautin. Harafin ذ ne, wanda ake ɗora kan harshe a bakin haƙoran sama, irin na "zalika" a farkon Baƙara in an fitar da shi daga mafitarsa. Ranar da na fara faɗin haka, wani dattijo a ajin ya ce, "Malam, ashe abin da muka sha bulala a kai tun muna yara ne?" Nan take ya furta "this" fiye da yadda ni nake furtawa. Ita "zalika" ɗin ma kalmar nuni ce, ma'anarta kusan "that".

In mutum biyu za ka gabatar da sunayensu, kada ka wahalar da kanka da "These are Musa and Amina", tana da nauyi a kunne. Masu harshen sukan ce "This is Musa and Amina", mafi sauƙi ga mai koyo kuma a raba su: "This is Musa, and this is Amina". "These are" ta fi daɗi in sunan dangantaka ya biyo baya, kamar "These are my friends, Musa and Amina".

Waya tana juya abin. Ido da ido ba ka cewa "This is Bello" kana nufin kanka, "I'm Bello" ko "My name is Bello" za ka ce. A waya kuwa, inda murya kaɗai ake ji, "This is Bello" ita ce daidai. In kana son tabbatar da wanda ya ɗauka, mutanen Ingila suna cewa "Is that Musa?", na Amurka "Is this Musa?", duk wadda ka ɗauka ta yi. Abin gudu shi ne fassara "wa ke magana" zuwa "Who are you?", wadda take fita kamar tuhuma. "Who is speaking, please?" ta fi ladabi.

Saura abin da ke biyo bayan "this is", inda Turanci yake nuna talaucinsa. Kawu da baffa duk "uncle" ne, gwaggo da inna duk "aunt". Wa da ƙane duk "brother", sai ka ƙara "older" ko "younger" in kana son rarrabewa. "Senior brother" da "junior brother" Turancin gida ne, za a gane ka a nan, amma mai duba takardar WAEC ko NECO zai fi son "elder brother". Kada ka haɗa "a" ko "the" da "my", "This is my teacher" ta wadatar. Laƙabinmu kuma kada ka fassara su. Alhaji yana nan Alhaji, Hajiya tana nan Hajiya, "This is Malam Sani" ta fi "This is Mr Sani" dacewa da shi, musamman da yake a Ingila "Mr" da sunan dangi ake haɗa shi. Wajen tsari, ladabinsu ya zo ɗaya da namu: babba ake fara kira, a kawo masa ƙarami. "Baba, this is my friend." Daga nan ka juya ga abokin, "This is my father."

Wata mata a ajin ta ƙi yin wannan darasin gaba ɗaya a makon farko. Da na matsa, sai maƙwabciyar zamanta ta raɗa mini cewa ta ɗauka dole ne a ambaci suna bayan "this is", ita kuwa ba za ta kama sunan maigidanta ba, balle na ɗanta na fari. Na ce mata, "Hajiya, Turanci bai tilasta ba. Ki ce 'This is my husband' ki yi shiru, shi zai faɗi sunansa da bakinsa in ya miƙa hannu." Mako na gaba ta zo da hoton iyalinta a waya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, miji da ɗan fari ba suna, sauran yaran kowa da sunansa, ta ƙarasa da "and these are my grandchildren", wasalin dogo yadda ya kamata.