Yadda za ka sa katin inshorar lafiya ya yi maka amfani

A teburin yankan kati nake aiki a wani ƙaramin asibiti a Kano, kuma yawancin masu tayar da jijiyar wuya a gabana katin inshora ne a hannunsu, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu abin da ya ƙunsa.

Tun watan Mayun 2022, da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a madadin tsohon tsarin NHIS, inshorar lafiya ta zama tilas a kan kowa. A takarda ke nan. A aikace sai ka taka da ƙafarka. Ma'aikacin tarayya ta ofishinsa ake yi masa rajista. Ma'aikacin jiha da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu su nemi hukumar inshorar lafiya ta jiharsu: KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna. Ka tafi da lambarka ta NIN. Marasa hali, mata masu ciki da ƙananan yara su tambayi shirin BHCPF, wato asusun gwamnati na kula da lafiya a matakin farko, a asibitin matakin farko na mazaɓarsu. Dokar lafiya ta 2014 ce ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma wanda aka ɗauka ba ya biyan kuɗin shiga. Gurbin ne dai bai kai masu nema ba.

Kafin ka sa hannu, ƙirga iyalinka. Tsarin ma'aikatan tarayya mai gida ne da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Wanda ya tsara shi kamar bai taɓa shiga gidan Bahaushe ba. Mai mata biyu da yara tara ya tambayi kuɗin ƙara sauran tun ranar rajista, kada sai amarya na naƙuda a ce sunanta ba ya ciki. Ka kuma tambayi ranar da katin zai fara aiki, domin ba nan take ba ne.

Wajen zaɓen asibiti, mutane suna rububin mai babban suna. Ni dai shawarata, ka ɗauki wanda za ka iya kaiwa da tsakar dare a Adaidaita. Shi ne ƙofarka. In ciwon ya fi ƙarfinsu, su za su ba ka takardar tura mara lafiya da lambar izini zuwa babban asibiti. Ka tsallake su ka tafi kai tsaye, to aljihunka ne zai biya, sai fa in larurar gaggawa ce.

Magani kuwa, a tsarin NHIA kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa kake biya. In an ce maka babu, kada ka juya shiru. Tambayi ko akwai makamancinsa a jerin da inshora ta amince, ka ajiye rasit ɗin wanda ka saya a waje, sannan ka kai ƙorafi ofishin hukumar inshorar da lambar katinka da ranar da abin ya faru.