Yadda ake gane rukunin da ya fi wahalar haye wa zagayen kofin Stanley a gasar NHL

Yawancin waɗanda suka shigo kallon hokin ƙanƙara daga ƙwallon ƙafa kuskure ɗaya suke yi, su buɗe teburi su duba kulob ɗin da ke saman kowane rukuni, wanda ya fi maki sai su ce ai rukuninsa shi ne mai zafi. Wannan hanyar ba ta kai mutum ko'ina. Mai matsayi na ɗaya ya riga ya wuce, shi ba ruwansa, wahalar tana can ƙasa wajen ƙofar shiga inda ake cunkoso.

Da farko ka riƙe tsarin a kanka, ba zan tsaya a nan ba sosai. Kulob 32 ne daga Amurka da Kanada, shiyya biyu, Gabas da Yamma. Gabas na da rukunin Atlantic da Metropolitan, Yamma na da Central da Pacific, kowane rukuni kulob 8 tun da Seattle Kraken suka shigo a 2021. Kulob 16 ne ke haye wa zagayen kofin Stanley, wato wasannin fitar da zakara bayan an gama kaka: ukun farko na kowane rukuni, sannan gurbi biyu na wayil kad a kowace shiyya ga waɗanda suka fi maki cikin ragowar. Nasara maki 2, idan aka ci ka a ƙarin lokaci ko bugun fenariti ka tashi da maki 1, idan aka ci ka cikin minti 60 ba ka da komai.

Mataki na gaba, ka shiga shafin NHL ka buɗe teburin ƙarshen kaka, kyauta ne kuma ba ya cin data kamar kallon wasan kansa, wanda dama ƙarfe ɗaya na dare ake fara yawancinsu a agogon Najeriya da Nijar. Ka tsallake na ɗaya da na biyu, ka rubuta makin na uku a kowane rukuni, wannan shi ne kuɗin ƙofa. A kakar 2023-24 Colorado Avalanche sai da suka tara 107 kafin su zama na uku a Central, Toronto 102 a Atlantic, Los Angeles Kings 99 a Pacific, amma New York Islanders da 94 kacal suka zauna na uku a Metropolitan. To ka gani, a shekarar New York Rangers na Metropolitan ɗin ne suka fi kowa maki a gasar gaba ɗaya da 114, wanda ya duba sama kawai zai rantse Metropolitan ya fi zafi alhali shi ne mafi arhar shiga.

Sai wurin da kowa ke faɗuwa, wayil kad. Mutane suna ɗauka idan ka rasa ukun farko a rukuninka to da 'yan rukuninka kake takara, ba haka ba ne, da duk ragowar shiyyar kake yi, kulob 10 suna neman kujera 2. Saboda haka dole ka rubuta makin wanda ya samu gurbi na biyu na wayil kad a kowace shiyya, ka kuma rubuta makin wanda ya fi kowa cikin waɗanda suka faɗi. A 2023-24 ɗin Washington Capitals da maki 91 suka shige a Gabas, duk da an zura musu ƙwallaye fiye da waɗanda suka ci da tazarar 37, a Yamma kuwa St. Louis Blues suna da 92 suka koma gida don Vegas da suka samu gurbi na biyun na da 98. Shekarar da ta biyo baya abin ya fi ciwo, Calgary Flames maki 96 suka tara ba su shiga ba, New Jersey Devils da 91 suka zama na uku a Metropolitan suka wuce abinsu. Ka kwatanta kanka da magoyin bayan Calgary, kaka guda kana tashi kana kallo, kulob ɗinka ya fi wani da maki 5, shi yana ciki kai kana waje saboda taswira kawai.

Kuma kar ka tsaya a lambar, ka duba daga wane rukuni masu wayil kad ɗin suka fito. A 2024-25 Minnesota da St. Louis duka 'yan Central ne, Ottawa da Montreal duka 'yan Atlantic, wato rukunan nan biyu kowanne ya tura kulob 5, Pacific da Metropolitan uku-uku. A wurina wannan ita ce shaida mafi ƙarfi, rukunin da ke cinye kujerun wayil kad biyu shi ne mai zurfi, ba na sauraron wata gardama bayan haka. Idan maki ya zo ɗaya kuma, yawan nasarar da aka yi cikin minti 60 ake fara dubawa, da ita St. Louis suka kayar da Calgary, da ita Washington suka kayar da Detroit a 2024, don haka ka riƙa duba layin da aka rubuta RW a teburin, da yawa ba su ma san yana nan ba.

Wani abu kuma, kar ka yanke hukunci da kaka ɗaya. Ɗauki uku a jere aƙalla. A 2021-22 duk kulob 8 da suka haye a Gabas sai da kowannensu ya kai maki 100, bayan shekara biyu 91 ya wadatar a shiyyar, abin yana juyawa da sauri saboda ƙa'idar iyakance albashi da ke hana kulob riƙe duk taurarinsa. Kuma kar ka koma baya da 2021-22, kakar 2020-21 an sake rukunan saboda korona, wasanni 56 aka buga, ba ta shiga lissafi.

Daga nan ka leƙa ƙasan teburi. Rukunin da ke da 'yan rabon maki kamar San Jose Sharks da suka ƙare da 47 a 2023-24 yana ɗan kumbura makin maƙwabta, amma kar ka zuzuta shi, cikin wasanni 82 na waccan kakar guda 26 ne kawai na cikin rukuni, kowane maƙwabci sau uku ko huɗu aka haɗu da shi. Tafiya ma haka, Rangers da Islanders da Devils duk a yankin New York suke, 'yan Pacific kuwa kullum suna jirgi, ka sa shi a gefe a matsayin ƙarin bayani kawai.

Idan kana da sauran lokaci ka duba wa ake haɗuwa da shi a zagayen farko, tunda na biyu da na uku na rukuni ɗaya ne ke karawa. Dallas mai 106 da Colorado mai 102 sun haɗu tun zagayen farko a 2025 har wasa na bakwai, wato na ƙarshe da ke raba gardama a zagaye, Toronto mai 115 da Tampa Bay mai 110 ma haka a 2022. Wannan wahalar bayan an shiga ce, ka rubuta ta a layinta daban kar ta cakuɗe da lissafin ƙofa.