Darasi: Manyan Haruffan Allon Shago

Haruffan wannan littafi sirara ne, domin a hannu kuke riƙe da shi. Na allon shago da na bayan babbar mota dabam suke. Mai karanta su yana kan hanya, wataƙila ma a kan babur, kuma ba tsayawa zai yi ba. Shi ya sa masu fenti suke yi musu kauri da tsayi, su bar ado sai kaɗan.

In kun shiga Kantin Kwari a Kano, ko tashar garinku, ku lura da rubutun hannu. Ba za ku ga A biyu da suka zo daidai ba, kuma sawun burushi yana nan a jikin fenti. Wannan ba aibi ba ne. Wasu sukan ja baƙin layi ta gefe ɗaya da ƙasan kowane harafi, ana ce masa inuwa, sai harafin ya yi kamar ya taso daga allo.

Irin wannan rubutu ba ya son surutu. TELA, KEMIS, ANA CAJIN WAYA, sun isa. Wanda ya cusa duk kayan shagonsa a allo ɗaya ya yi asarar fenti, don ba mai karantawa.

Masu sana'ar suna da lissafi: tsayin inci 1 ga kowace tazarar ƙafa 10. In kuna so a karanta daga tsallaken titi, wajen ƙafa 60, harafi ya kai inci 6.

A fara shafe allon da fenti, a bari ya bushe sarai. A goga wa igiya alli, mutum biyu su ja ta tam a jikin allo, a ɗaga tsakiyarta a saki, layi ya fito; a yi ɗaya a saman inda haruffa za su zauna, ɗaya a ƙasa. A zana kalmar da alli tukuna, a fara daga harafin tsakiya, don kada na ƙarshe ya rasa wuri. In fenti ya yi kauri a tsinka shi da ɗan kananzir, amma in ya cika ruwa zai zubo. Baƙi a kan rawaya yana fita, haka fari a kan shuɗi. Ja a kan kore kuwa wahalar ido ne.

Inda kauri yake ɓata aiki shi ne cikin harafi. Ramin A da na B kan toshe, lanƙwasar Ƙ da Ɗ ta dunƙule. Lambar waya ta fi haɗari: 3 ta zama 8, 1 ta zama 7. Lambobi 11 ne a Najeriya, 8 a Nijar, a ƙirga su kafin a tsoma burushi.

Aiki: ku zana sunan sana'arku da alli a jikin bango, ku ja baya taku 20. Ku kira wani ɗan aji ya karanta, ku gyara harafin da ya yi masa gardama.