Darasi na Bakwai: Idan Kwamfuta Ta Ƙi Ganin Kyamarar Bidiyo

An yi biki an watse. Mai ɗaukar hoto ya dawo gida da kyamara cike da bidiyon kamu da na ɗaurin aure, dangin amarya kuma sun ce gobe da safe suke son nasu. Ya jona kebul, ya zuba wa allon kwamfuta ido. Shiru. Ya cire ya mayar, har yanzu shiru. A nan ne da yawa daga cikinmu kan ce kwamfuta ta lalace, a saɓe ta sai shagon mai gyara. Ku dakata tukuna. Sau da yawa laifin na kebul ne, ko na wani maɓalli a jikin kyamarar da ba a murɗa ba.

Doka ɗaya za mu riƙe a wannan darasi: ku canza abu ɗaya, ku gwada, sannan ku taɓa na gaba. Wanda ya canza kebul da rami da batir a lokaci guda, ko aikin ya yi, bai san me ya warkar da shi ba.

Wace irin kyamara ce a hannunku?

Ku buɗe ta ku duba inda take ajiye hoto. Idan kun ga ɗan ƙaramin kati, wanda muke kira memori, ko kuma tana ajiyewa a cikin cikinta, to da kebul na USB take aiki. Idan kuwa ƙaramin kaset ne mai zare, an rubuta MiniDV a jikinsa, hanyarta daban ce, za mu zo kanta a ƙasa.

Kyamara mai memori

Ku fara da wuta. Ku jona cajar kyamarar a bango, kada ku dogara da batir. Akwai kyamarorin da ba sa yarda su yi magana da kwamfuta sai an jona su da wuta, domin kada batir ya mutu ana tsakiyar kwafi. Idan an ɗauke wuta, gara a jira ta dawo ko a tayar da janareta.

Sai ku kunna kyamarar, ku buɗe ɗan allonta. Nan ne mutane suka fi mantawa. Idon kowa na kan kwamfuta, alhali kyamarar ce ta yi tambaya tana jiran amsa. Da zarar an jona kebul, da yawa daga cikinsu kan nuna rubutu kamar USB Connect, ko PC, ko Mass Storage. Sai an taɓa wannan rubutu kafin kwamfuta ta san an yi baƙo. Wasu kuma sai an mayar da su wajen kallon abin da aka ɗauka, inda aka rubuta PLAY ko aka zana ɗan kibiya.

Yanzu kebul. Ina so ku ba wannan sashe hankalinku sosai, domin na ga ɗalibai sun ɓata yini guda a kansa. Kebul na USB iri biyu ne, kuma a ido kamarsu ɗaya. Na gaskiya yana da siraran wayoyi 4 a ciki: biyu na kai wuta, biyu na kai saƙo. Akwai kuma na caji zalla, irin wanda ke zuwa da tocila ko ƙaramar fanka, mai wayoyi 2 kacal. Idan kun jona shi, fitilar kyamara za ta iya kamawa, ku ɗauka komai lafiya, amma ko hoto ɗaya ba zai wuce ba. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ku jona wani abu da kuka san yana aiki, kamar wayar hannu, da wannan kebul ɗin in bakinsu ya zo ɗaya. Idan kwamfuta ba ta ga wayar ba, kebul ne. Ku nemi wanda ya zo a kwalin kyamarar, ko ku tafi kasuwa da kyamarar a hannu a gwada a gabanku kafin ku biya.

Ku leƙa ramin da kebul ke shiga a jikin kyamara. Lokacin hunturu ƙura kan cika shi har bakin kebul ya kasa zama daidai. Ku kashe kyamarar, ku share da busasshen buroshi mai laushi. Ban da allura, ban da ruwa. Daga nan ku gwada wani rami a jikin kwamfuta. In babbar kwamfuta ce ta kan tebur, ramukan baya sun fi na gaba aminci. Kada ku bi ta cikin ɗan akwatin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu.

Ramin HDMI na laftof kuwa hoto yake fitarwa zuwa talabijin, ba ya karɓa. Jona kyamara a nan ɓata lokaci ne.

Idan duk wannan bai yi ba, sai mu tambayi kwamfutar kanta. A Windows 10 ko 11, ku kai kibiyar maus kan alamar Start, ku danna maɓallin dama, ku zaɓi Device Manager, inda kwamfuta ke jera sunayen na'urorin da ke jone da ita. Ku cire kebul, ku mayar, idonku na kan jerin sunayen. In jerin ya motsa, kwamfuta ta ji shigowar kyamara. In kun ga suna da alamar ɗorawa mai kusurwa uku a gefensa, ta ji amma ba ta gane ba. Ku danna dama a kan sunan, ku zaɓi Uninstall device, ku cire kebul, ku kashe kwamfuta ku sake kunnawa, sannan ku jona.

Akwai kuma gajeriyar hanya, kuma ni ita na fi so. Ku kashe kyamara, ku zaro memorin, ku sa shi a ramin kati na laftof ko a ɗan abin karanta memori da ake sayarwa a shagunan waya. Ku sani dai, tsohon abin karatu ba ya iya karanta katin da ya wuce giga 32, wanda aka rubuta SDXC a kansa. In kati ya buɗe ba ku ga bidiyo ba, kada gabanku ya faɗi. A kyamarori da yawa na Sony da Panasonic da Canon yana can ciki: ku buɗe PRIVATE, sai AVCHD, sai BDMV, sai STREAM.

Gargaɗi, kuma ina roƙonku ku ja layi a ƙarƙashinsa. Idan kwamfuta ta nuna rubutu mai kalmar Format, ku danna Cancel. Format yana nufin share duk abin da ke kan katin, kuma ba za a sake ɗaura auren nan don ku ɗauka ba.

Kyamara mai kaset

Kaset ɗin MiniDV ya fito ne a 1995, kuma har yau akwai gidajen da bidiyon sunan yara da na tafiya Hajjin iyaye ke kwance a kansa. A mafi yawan irin waɗannan kyamarori, ramin USB na hotunan kati ne kawai. Bidiyon kaset ta wani rami yake fita, wanda aka rubuta DV ko i.LINK a gefensa. Apple na kiransa FireWire, wasu kuma 1394. Sababbin laftof ba su da shi. Kebul mai araha da ake cewa yana mayar da FireWire zuwa USB ba ya aiki, kada ku kashe kuɗinku. Ku nemi tsohuwar kwamfuta mai wannan rami, ko mai gyara ya sa wa babbar kwamfuta katin FireWire, wato ɗan allon da ke ƙara mata wannan rami.

Ku kashe kyamara kafin ku jona wannan kebul, domin jona shi a karkace da wuta a kunne na iya ƙona ramin. Bayan kun jona, ku murɗa maɓalli zuwa VCR ko PLAY. Kaset na awa ɗaya awa ɗaya cur yake ɗauka kafin ya shiga kwamfuta, kuma yana cin wajen giga 13, saboda haka ku tanadi wuri.

Aikin gida

Ku tattaro duk kebul na USB da ke gidanku. Ku gwada kowanne da wayar hannu da kwamfuta. Wanda kwamfuta ta ga waya da shi, ku ɗaura masa jan zare. Ku rubuta a littafinku guda nawa kuka samu masu zare, guda nawa na caji zalla, ku zo da su aji mako mai zuwa tare da kyamarar, in akwai.